Zoom, WhatsApp ko Moodle: wanne zaka ɗauka in zaka horar da ma'aikata ta intanet?

Duk wanda aka taɓa ɗora wa nauyin horar da ma'aikata ya san yadda abin ke farawa, oga zai kira ka ofis ya ce kuɗin hayar hol da abinci da kuɗin motar mahalarta ya yi yawa, daga yanzu a koma yi ta intanet, shikenan ya bar ka da tunanin ta ina zaka kamo bakin zaren. Wani ya ce a yi ta Zoom, wani ya ce a buɗe guruf a WhatsApp kawai a huta, wani mai ɗan sanin kwamfuta ya ce a'a, a kafa dandali irin su Moodle kowa ya riƙa shiga da sunansa da lambar sirrinsa. Ukun nan duk na yi aiki da su, mafi yawa da masu POS da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma kowanne akwai inda ya fitar da ni kunya akwai kuma inda ya ba ni wahala, shi yasa nake so in baje su a faifai dan wanda zai zaɓa ya zaɓa ido buɗe.

Amma kafin maganar manhaja, wa zaka koyar? Wannan fa shi ne abin da ake yawan tsallakewa. Mutumin da ke gabanka magidanci ne, ko uwar 'ya'ya da ta tashi tun asuba ta shirya yara makaranta ta wuni a tsaye a wajen aiki, ta dawo ga girki na jiranta. Wayarsa Tecno ce ko Itel da ta cika da hotunan biki da wa'azozi har tana ƙorafin ba wuri, datarsa ta kwana ɗaya ko ta sati yake saya, in ba wuta sai ya kai caji shago. Wani Ba'amurke mai suna Malcolm Knowles ya yi suna tun wajen 1970 a kan bayanin yadda babba ke koyo, kuma abin da ya faɗa duk wanda ya taɓa koyar da manya zai gyaɗa kai: babba yana so ya san dalilin da zai sa ya koyi abu kafin ya ba shi lokacinsa, yana zuwa da gogewarsa ta shekaru wadda in ka raina ta kun ɓata, kuma abin da zai warware masa matsalar da ke gabansa yau shi yake nema. Gemu baya hana ilimi, haka ne, amma mai gemu baya zama awa biyu yana sauraron abin da bai ga inda zai amfane shi ba. Da wannan ma'aunin zan auna ukun.

Mu fara da Zoom da 'yan'uwansa irin su Google Meet, tunda shi ne abin da ke fara zuwa ran manya a ofis dan ya fi kama da ajin da aka saba. Kyansa a fili yake, kana magana ana ji nan take, wanda bai gane ba zai tsayar da kai, zaka iya cewa wane zama kwastoma wance ki zama mai shago ku gwada mu gani, a gyara musu a take. Babu wata hanya cikin ukun da ta kai shi a wannan fannin. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma in an yi minti 40 zai yanke sai an sake shiga.

Matsalar ita ce yana buƙatar abu uku su haɗu wa kowa a lokaci guda, sabis mai ƙarfi, data mai yawa, da kuma lokacin da mutum ba ya komai. Awa ɗaya da kyamara a kunne tana iya lashe rabin gig zuwa sama da gig guda, kuma tun da hukumar sadarwa ta Najeriya NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025 kowa ya san data ba abar wasa bace. Akwai wata rana da ba na mantawa, muna tsakiyar darasi da masu POS wajen la'asar, wani ya manta bai kashe makirfonsa ba, sai muka ji murya tana cewa malam a cire min dubu biyar ina sauri, muka ji ƙarar na'ura tana fitar da takarda, muka ji ana ƙirga kuɗi. Bawan Allah ya shigo darasi dan an ce dole ne, amma ba zai kulle shago ba dan da shi yake ci da iyali. Bayan an tashi kuma wata baiwar Allah da ke aiki a wani ƙauye ta turo min saƙo ta ce, Malam dan Allah ka yi haƙuri, tun daga inda ka ce a danna maɓalli na biyu muryarka ta riƙa yankewa, na fita waje na tsaya a rana ko zan samu sabis amma ban ƙara jin komai ba. A takardar halarta su biyun duk an rubuta sun halarta. Wannan ita ce babbar yaudarar Zoom, sunaye arba'in a jere a fuskar kwamfuta, kyamarori a kashe, kai kana ta zuba kana zaton ana tare. In ka ce ai an naɗa za'a tura musu daga baya, to bidiyon awa biyu mai nauyin gaske wa zai sauke, wa kuma zai zauna ya kalla?

Ni dai a yanzu ba na amfani da shi wajen karanta darasi. Ina ajiye shi ne dan gwaji da tambayoyi, mutum 10 zuwa 15, minti 30 ko 40, bayan sun riga sun saurari darasin a lokacin da ya dace da su. Sai in lura iyakar minti 40 ɗin nan ta na kyauta ma taimako ce.

Sai dandalin koyo. Moodle wani ɗan Ostireliya ne Martin Dougiamas ya fitar da shi a 2002, manhajar kyauta ce, jami'o'i da ma'aikatu da yawa a duniya da shi suke aiki. Amma kyautar nan a fahimce ta da kyau, manhajar ce kyauta, inda zaka ɗora ta a intanet sai ka biya, kuma dole a samu mutum ɗaya da zai riƙa kula da ita, in ba haka ba ranar da ta tsaya kowa ya tsaya. Google Classroom da ya fito a 2014 ya fi sauƙin kafawa, ba ka buƙatar ɗora komai a ko'ina, sai dai bai kai Moodle zurfi ba wajen jarrabawa da rahoto da ba da satifiket.

Abin da dandali ya fi sauran da shi shi ne tsari da shaida. Darasi na ɗaya, na biyu, na uku, duk a jere ba abin da ya ɓata. Jarrabawa tana duba kanta ta ba da maki. Kana iya ganin wa ya buɗe, yaushe, ina ya tsaya, nawa ya ci. Wanda aka ɗauka aiki bayan wata shida zai fara daga farko ba sai ka sake yi masa komai ba. In wata hukuma ce ko masu ba da tallafi zasu zo su ce nuna mana shaidar an horar da mutanen nan, dandali ne zai fitar da kai. Kuma manhajar Moodle ta waya tana bari mutum ya sauke darasi in ya samu sabis ya karanta daga baya, akwai ma wata manhaja Kolibri da aka yi musamman dan wuraren da babu intanet gaba ɗaya.

To amma ƙofar shiga fa? Nan ne ake zubar da mutane. Da yawan ma'aikatanmu imel ɗin da ke wayarsu mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saye ta, basu san lambar sirrin ba, wasu ma basu san suna da imel ba. Satin farko gaba ɗaya zai tafi a kan Malam ya ƙi buɗewa, Malam na manta lambar, Malam ya ce in duba imel ina ne imel ɗin. Wanda ya samu ya shiga kuma sai ya tuna da kansa ya koma, dan dandali ba wurin da yake leƙawa kullum bane. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya duba kwasa-kwasan da jami'o'in MIT da Harvard suka ɗora a dandalin edX, aka ga a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 ne cikin 100 suka kai ƙarshe. Adalci dai a faɗa, waɗancan kwasa-kwasan na ganin dama ne ba wanda ya tilasta kowa, a wurin aiki kuwa oga na iya cewa dole. Amma dolen ma tana da nata ciwon, sai mutum ya riƙa danna gaba gaba gaba har ya kai ƙarshe, ko ya miƙa wa ƙaninsa ɗan jami'a ya yi masa jarrabawar, rahoto ya nuna an gama, kai kuma babu abin da ya shiga.

Yanzu WhatsApp, kuma a nan zan ɗan daɗe dan shi ne wanda ake rainawa alhali ga irin ma'aikatanmu shi ya fi yi min aiki. Dalili na farko, yana hannunsu. Ba sai ka koya wa kowa yadda ake buɗe shi ba, ba lambar sirri, kuma ko ba dan kai ba zasu buɗe shi sau da yawa a wuni. Na biyu, saƙon murya. Mu mutane ne masu ji, da rediyo muka tashi, da karatun malamai a kaset sannan a memori, dattijon da karatun boko ke masa nauyi zai saurari murya ta minti huɗu yana kan hanya ko bayan isha'i ya gane tsaf, kuma zai iya ba ka amsa da muryarsa ba sai ya sha wahalar rubutu ba. Muryar minti biyar da ƙyar ta kai mega ɗaya, kuma ko sabis ya yi rauni tana sauka a hankali ta zauna a wayar, a ji ta sau goma in ana so. Guruf ɗaya yana ɗaukar har mutum 1024, ko da yake ban taɓa ba kowa shawarar ya wuce 30 ko 40 ba in dai koyarwa ake so.

Amma babban dalilin da yasa na fi son shi ya shafi yadda mantuwa ke aiki. Tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa ya nuna cewa abin da mutum ya haddace yana zubewa da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa da tazara tsakani ita ke riƙe shi. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka nuna cewa wanda aka sa ya tuno abu daga kansa ya fi riƙe shi bayan sati guda a kan wanda ya yi ta sake karantawa kawai. Mu kam wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba'a wanke allo sai ka biya wa malam da ka, kuma ya san abin da ke samun haddar da aka bar ta ba tilawa. To horon kwana uku a hol ko wuni guda a Zoom kishiyar wannan ne, a ɗura wa mutum komai lokaci ɗaya a sallame shi. Da WhatsApp kuwa zaka iya tura ɗan darasi ranar Litinin, tambaya a kansa ranar Laraba, bayan sati biyu ka sake jefo wata tambaya a kan wancan tsohon darasin ba tare da sanarwa ba, a haka har wata biyu ko uku. Moodle ma zai iya wannan in mutane na shiga, Zoom kam ba zai iya ba sai ka yi ta tara mutane.

Illolinsa kuma ba ƙanana bane, kar in yi kamar babu. Ka tura darasi da safe, kafin azahar an binne shi da barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya da bidiyon siyasa. Ba ya duba maka jarrabawa ya ba da maki, ba ya ba ka rahoto, alamar shuɗi tana nuna an buɗe ne kawai. In ka yi tambaya a fili mutum uku na farko su amsa, saura su kwafa. Sabon shiga ba zai tarar da darussan baya a jere ba. Sannan akwai maganar sirri wadda ni ina ɗaukarta da nauyi, lambar kowa a buɗe take ga kowa, na ga yadda wasu mata suka fice daga guruf dan wani ya ɗauki lambarsu ya fara damunsu da sallama cikin dare, wasu kuma mazajensu basu yarda da guruf mai cakuɗe ba tun farko. Haka kuma ba'a tura hoton katin mara lafiya ko bayanan asusun kwastoma a guruf da sunan misali, wannan amana ce, in zaka nuna misali ka ƙirƙiri na gwaji.

Yawancin waɗannan suna da magani in ka shirya. Guruf biyu zaka buɗe, ɗaya a kulle admin ne kaɗai ke turawa, nan darussa suke kowanne da lambarsa da sunansa, ɗayan kuma na tambaya da hira. Amsar jarrabawa a turo maka kai tsaye ba a guruf ba, ko ka haɗa da Google Forms ya tattara maka. Inda ya kamata a ware na mata daban, a samu mace ta jagorance shi. Ka ajiye duk darussan a wuri guda dan sabon shiga. Telegram ya fi WhatsApp a wasu daga cikin waɗannan, sabon shiga na iya ganin tsofaffin saƙonni, kuma yana da tambayar kacici-kacici da ke nuna wa mutum amsar daidai da bayaninta da zarar ya zaɓa, sai dai ba kowa ke da shi a waya ba kuma wanda ka sa ya sauke dan darasi kaɗai ba lallai ya riƙa leƙawa ba. Abin da ba shi da magani shi ne lokacinka. WhatsApp yana da arha a aljihu amma yana cin malami, dan in mutum ya turo tambaya aka kwana biyu ba amsa, ba zai sake turowa ba. In ba ka da wanda zai ware awa ɗaya kullum dan wannan, kar ma ka fara.

To duk wanda ka ɗauka cikin ukun, darasin kansa ya za'a gina shi? Dan mummunan darasi mummuna ne a ko'ina ka ɗora shi. A 2014 wani mai bincike Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a edX, suka ga mutane na tsayawa da bidiyo ne zuwa wajen minti 6, in ya wuce haka sai a fara zamewa. Richard Mayer na jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana gwaji a kan haɗa hoto da magana, daga abin da ya samu akwai biyu da nake riƙe da su kullum: hoto da murya sun fi hoto da dogon rubutu da kuma murya tana karanta rubutun nan dai, sannan duk wani ado da ba shi da alaƙa da darasi, kiɗa ne ko hotuna masu yawo, rage fahimta yake. Kenan minti ɗaya da rabi da ake ɓatawa a farkon bidiyo ana nuna tambarin ma'aikata da jawabin shugaba asara ce tsagwaronta.

Ga yadda nake yi da masu POS misali. Darasi ɗaya, matsala ɗaya. Murya zata fara kai tsaye: kwastoma ya ba ka kati, ka sa, na'ura ta nuna cinikin bai tafi ba, shi kuma ga alat ya shigo masa an cire kuɗi, ya tsaya a kanka rai a ɓace, mutane sun fara taruwa, me zaka fara yi? Sai in tsaya nan, in ce kowa ya turo min amsarsa kafin gobe. Amsoshin da ke zuwa su ne rabin darasin, dan tsofaffin hannu suna da dabarun da ni ban sani ba, yadda ake kwantar wa mutum hankali, yadda ake ba shi takardar da na'ura ta fitar a nuna masa abin da zai kai bankinsa, kuma in ka sako muryar ɗaya daga cikinsu a darasin gobe ka ce ku ji yadda Alhaji ke yi, ka gama sayen zuciyarsa da ta sa'o'insa. Washegari sai ɗan bidiyo na minti biyu, hannu kawai da na'ura, ana nuna inda ake duba tarihin ciniki a tabbatar ko kuɗi sun shigo ko basu shigo ba. Gani ya kori ji, duk abin da hannu ke yi a nuna shi da bidiyo, abin da ya shafi hukunci da mu'amala kuma murya ta wadatar. Kuma a yi bayanin da Hausa, amma kalmar da ke rubuce a jikin maɓalli a faɗe ta yadda take, da Turanci ne ko da Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar, dan ita idonsa zai nema a na'urar.

Akwai kuma na huɗu da ba'a sa shi a lissafi, alhali sau da yawa shi ne amsar: takarda ɗaya a manne a inda ake aikin. Ba komai ne ya kamata a haddace ba. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a wajen gwaji a Amurka, ba dan matuƙin bai iya ba, ƙwararre ne, mantawa aka yi ba'a cire wani makulli ba kafin tashi. Abin da ya biyo baya shi ne jerin abubuwan dubawa da matuƙa ke bi ɗaya bayan ɗaya, wanda har yau da shi ake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinsa na ɗakin tiyata a 2008 mai abubuwa 19. A jihar Bihar ta Indiya kuma a 2012 an ba ma'aikatan lafiya na karkara wasu katuna 40 masu hotuna a zobe ɗaya, ana kiransu Mobile Kunji, kowane kati da gajeriyar lamba a jiki, in ma'aikaciya ta kira lambar da ƙaramar wayarta sai murya ta yi bayanin abin da ke katin ita da matar gidan su saurara tare. Ba intanet, ba babbar waya. Haka mai kula da firjin allurar rigakafi, abin da yake buƙata a ƙofar firjin shi ne a rubuta ɓaro-ɓaro cewa sanyi ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba safe da yamma a rubuta, in ya fita daga nan ga abin da za'a yi ga wanda za'a kira. Darasin intanet aikinsa ya fahimtar da shi dalili, takardar kuma ta tsaya masa ranar da ya gaji ko hankalinsa ya rabu.

To wanne zaka ɗauka? In ma'aikatanka na ofis ne, kowa da kwamfuta da intanet na ma'aikata, ana yawan ɗaukar sababbi, kuma akwai hukumar da zata nemi shaida, ɗauki Moodle ko makamancinsa, ka ware mutum mai kula da shi, kuma ka ba su lokacin yin darasin a cikin lokacin aiki kar ka ce sai sun koma gida. In 'yan kaɗan ne, ƙwararru, kuma abin da za'a koya na tattaunawa ne kamar shugabanci ko sasanta rikici da kwastoma, Zoom gajere-gajere ya isa. In kuwa mutanenka a warwatse suke, a shaguna da ƙauyuka da ƙananan asibitoci, da wayar hannu kaɗai da datar aljihunsu, kuma a ganina nan mafi yawanmu muke, to WhatsApp ya zama uwar tafiyar, a haɗa da katin da za'a manna a wurin aiki, sai zaman kai tsaye sau ɗaya ko biyu a wata dan gwaji, kuma a saya musu datar dan bai dace ma'aikata ta rage kuɗin hol ta mayar da nauyin kan albashin ƙaramin ma'aikaci ba. Abin da ya shafi hannu sosai kuma, kamar yin allura ko gyaran inji, intanet share fage kawai zai yi, dole wani ya tsaya a kan mutum ya ga ya yi.

Kan maganar ko horon ya yi amfani, wani Ba'amurke mai suna Donald Kirkpatrick ya kasa abin gida huɗu tun 1959, ko sun ji daɗinsa, ko sun koya, ko aikinsu ya canza, ko ma'aikata ta ga sakamako. Mu yawanci a na farko muke tsayawa, a raba fom kowa ya ce ma sha Allah an ƙaru. Tun kafin ka naɗi darasin farko ka zaɓi abu ɗaya da zaka iya dubawa a wurin aikin, yawan fom ɗin da ake dawowa da su dan an cika ba daidai ba, ko takardar firji ana cika ta safe da yamma ko ba'a yi, ka duba kafin horo ka sake dubawa bayan wata biyu.

Kuma kafin ka tura wa kowa, nemi mutum biyar cikin waɗanda za'a horar, ka tabbata akwai mafi tsufa a ciki da mai mafi ƙanƙantar waya, ka ba su darasin farko ka zauna kusa ka yi shiru kana kallo. Na taɓa shirya takardar bayani mai kyau a kwamfuta na tura, wani dattijo ya buɗe a wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya kai ta kusa da ido ya nisanta, ya yi ta jan rubutun da yatsu biyu, can ya ɗago ya ce ɗana, wannan rubutun ai sai mai tabarau, ba zaka faɗa min da baki ba? A daren na raba takardar zuwa hotuna shida, kowanne da layi biyu manya, na bi kowane hoto da murya ta rabin minti, da safe na sake kai masa.